Bunsuru Ɗaya, Shekara Huɗu a Garke: Amsa Kan Barbarar Dangi

Wani mai kiwo daga Ɗorayi ya aiko da tambaya: "Shekara huɗu ke nan ina kiwon awaki a bayan gida. Da uku na fara da bunsuru ɗaya, yanzu sun kai goma sha huɗu, kuma har yau shi ne ke hawa. Bana 'ya'yan ƙanana suke fitowa, tagwaye sun ragu, biyu sun mutu kafin yaye. An ce mini jini ne ya yi kusa. Ta yaya zan tabbatar?"

Malam, Allah ya sa albarka a garken. Wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, sai dai ido kaɗai ba ya raba wannan gardama. Littafi da sikeli ne ke raba ta.

Kowace dabba tana gadon ƙwayoyin halitta bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwaya mai lahani takan kwanta shiru muddin abokiyar zamanta lafiyayya ce. Idan uwa da uba dangi ne, sai a wayi gari ɗan ya karɓi mai lahanin nan daga ɓangarori biyu, tunda daga kaka ɗaya ta fito. Wani masani ɗan Amurka, Sewall Wright, shi ya fitar da lissafin auna kusancin a 1922, kuma da shi ake aiki har gobe. Uba ya hau 'yarsa, ko ɗa ya hau uwarsa, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, abin da za a haifa yana kan kashi 25 cikin 100. Idan uba kawai suka haɗa, kashi 12 da rabi ne. To bunsurunka ya hau 'yarsa, ta haifi mace, ya sake hawa wannan ɗin: an kai kashi 37 da rabi. A shekara huɗu da wuya a ce garkenka bai taka wannan matakin ba.

Nawa ne asarar? A nan dole in kawo maganar alade. Mu Musulmi ba ma ci, ba ma kiwo, amma hanyar gado ɗaya ce a jikin dabbobi, kuma alade na cikin waɗanda aka fi auna abin a kansu. Cikinsa kwana 114 ne, haihuwa ɗaya takan ba da takwas zuwa goma sha biyu, don haka cikin 'yan shekaru mai bincike ya tara dubban 'ya'yan da zai ɗora a sikeli. A 1937 aka kafa wata cibiyar binciken kiwon aladu a garin Ames na jihar Ayowa, inda aka yi ta haɗa dangi da gangan don a ga abin da zai faru. Alƙaluman da aka tattara daga irin waɗannan garkuna a Amurka sun nuna cewa duk ƙarin kashi 10 na kusanci yana rage kusan kilo biyu da rabi daga nauyin dabba a kwana 154. Idan uwar ce aka haifa ta hanyar barbarar dangi, kowane kashi 10 yana cinye kimanin ɗa guda a cikin haihuwa huɗu.

Ka lura da abubuwa biyu. Na farko, asarar ba ta zuwa da hayaniya. Mutane suna jiran su ga ɗan akuya mai karkataccen muƙamuƙi, ko mai fitacciyar cibiya, ko bunsurun da maraininsa ɗaya bai sauko ba. Waɗannan suna faruwa, amma jefi-jefi. Ainihin ɓarnar ita ce wadda ke tafiya sannu: ɗan da ke jinkirin miƙewa ya sha dakashi, wanda zawo kaɗan ke kayarwa, burgumar da ke daɗewa ba ta ɗauki ciki ba. Na biyu, lissafin uwa daban, na ɗa daban. Kusancin jinin uwa yana taɓa yawan haihuwa da nono, na ɗa kuma yana taɓa girmansa da juriyarsa.

Kafin ka ɗora wa bunsuru laifi, duba abin da ya fi shi ɓarna. Ja fatar idon akuya ƙasa. Idan ciki ya yi fari maimakon ja, tsutsar ciki ce ke shanye mata jini, musamman da damina. Sannan ka tambayi kanka nawa harawa da dusa kake zubawa yanzu. Sau da yawa bakuna sun tashi daga huɗu zuwa goma sha huɗu, buhun dusa kuwa yana nan yadda yake.

Idan ka kawar da waɗannan, ga gwajin da za ka yi a gida. Raba matan gida biyu, ka daidaita su a shekaru. Rabi ka bar wa bunsurunka, rabi ka aro musu wanda ba shi da alaƙa da garken. Abinci ɗaya, maganin tsutsa rana ɗaya, kuma a yi barbarar a wata guda, don ɗan da aka haifa da kaka ba a gwada shi da na bazara. Sayi sikelin ratayewa, ka sa ɗan a buhu ka auna ranar haihuwa, da wata uku, da wata shida. Ka rubuta uwarsa, ubansa, namiji ne ko mace, shi kaɗai ne ko tagwaye. Namiji da namiji ake gwadawa, ɗan tagwaye da ɗan tagwaye. Garkenka ƙarami ne, saboda haka kada bambancin ɗa ɗaya ko biyu ya ruɗe ka, ka bari a yi haihuwa biyu. Wani zai ce wataƙila baƙon bunsurun ne kawai ya fi naka kyan iri. Zai yiwu. Amma aljihunka bai damu da wanne ne dalilin ba.

Abin daɗin shi ne gyaran ba ya jan lokaci. Ranar da baƙon bunsuru ya hau, 'ya'yan da za a haifa lissafinsu ya koma sifili. Uwayen dai suna nan da rauninsu, sai 'ya'yansu mata sun girma za ka ga cikakken canji. Cikin akuya wata biyar ne, 'yar kuma takan isa hawa tun tana wata bakwai ko takwas, don haka bunsuru ya cika shekara a garke, lokacin sallamarsa ya yi.

Wata Hajiya daga Gwale kuma cewa ta yi ita wannan matsala ba ta shafe ta ba, domin duk Babbar Sallah takan sayar da ragonta, ƙanana su taso su maye gurbinsa.

Hajiya, ki yi haƙuri, taki ma ta fi tasa. Ƙaramin da ya taso ɗan wace ce? Ɗan ɗaya daga cikin tumakinki ne, kuma tun yana wata biyar zuwa shida zai iya yi wa uwarsa da 'yan'uwansa ciki. Ga kuma asara ta biyu: mai ƙiba da kyan ƙaho shi ke tafiya layya, wanda masu saye suka ƙi shi ke zama uban garke. Ki ware 'yan raguna daga mata tun suna wata huɗu, ki turke su daban. Ragon hawa kuwa ki nemo daga nesa. Idan a unguwa kika yi musaya, ko kika ɗauko a 'Yan Awaki ta Unguwa Uku ba tare da kin tambayi asalinsa ba, ba mamaki jikan tunkiyar da kika sayar shekarun baya ne ya dawo miki. Wudil na ci ranar Juma'a, Dambatta Lahadi, Maigatari Alhamis. Wanda za ki aika ya duba haƙora da maraina, in an kawo shi a killace shi mako uku, a ba shi maganin tsutsa, a yi masa rigakafin PPR, wato annobar awaki da tumaki, kafin ya shiga cikin sauran.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan'uwa ce mazaunin Sabon Gari, wanda ke da aladu a garinsu kusa da Kafanchan. Ya ce haihuwa ta sauko daga goma zuwa shida, kuma namijin daga cikin garken ya fito.

Yallaɓai, canza namijin, wannan ba shawara biyu. Amma ɗauki alƙaluman da na kawo a sama ka lissafa: uwar da ke kan kashi 25, abin da za ta rasa bai kai ɗa guda a kowace haihuwa ba. Kai kuwa huɗu ka rasa. Sauran ukun suna wani wuri, ko a abinci, ko tsufan uwayen, ko zafi, ko namijin da aiki ya yi wa yawa, ko wata cuta mai kashe ɗa a ciki. Ka sa mai kula da su ya riƙa rubuta waɗanda aka haifa da rai, da waɗanda suka zo a mace, da waɗanda suka kai yaye, ka nuna wa likitan dabbobi. Sabon namijin kuma a gonar da ka sani za ka saya, ba a kasuwa ba, saboda zazzaɓin aladu na Afirka ba shi da magani, kuma dabba ɗaya ta isa ta share garke.