Amsa: mayar da tsohuwar manhajar Java zuwa Scala

Malam, ka ce manhajarku ta biyan kuɗi da Java aka rubuta ta, tana aiki dare da rana, kuma ana son ku koma salon fankshinal, inda ba a sauya ƙimar abu bayan an ajiye ta. Shawarata, kada ku sake rubutawa daga tushe. Kafin ku gama sabuwar, an yi wa tsohuwar gyare-gyare masu yawa, sai ku wayi gari kuna bin abin da ba ya tsayawa. Ko Twitter da suka bar Ruby, jerin saƙonni na bayan fage suka fara mayarwa Scala, shafin gaba ya daɗe a kan Rails, tsarin gina shafuka na harshen Ruby.

Scala ta dace da ku saboda a kan JVM take gudana, wato injin da ke gudanar da Java, kuma manhajojin harhaɗa kod irin su sbt ko Maven za su haɗa fayilolin harsunan biyu a aiki ɗaya. Ku fara da lissafi tsantsa wanda ba ya taɓa rumbun bayanai: kuɗin caji, haraji, tantance bayanai. Kafin a taɓa komai, a rubuta gwaje-gwajen da ke kama halin tsohon kod yadda yake, har da kurakuransa. Sannan a gudanar da tsoho da sabo tare a kan buƙatu na gaske, a ba abokin ciniki amsar tsohon, a rubuta duk inda suka saɓa. Sai saɓanin ya ƙare a juya.

Matsala a bakin iyakar harsunan take. Duk abin da ya fito daga Java a naɗe shi da Option(x), domin shi ke mayar da null, alamar babu ƙima a Java, ya zama None, hanyar Scala ta nuna hakan ba tare da fashewa ba. Some(x) kuwa zai riƙe null ɗin, ya fashe can gaba. Haka asScala, mai mayar da jerin Java na Scala, ba ya kwafe jeri, lulluɓe shi kawai yake yi, idan Java ta sauya shi sai ya sauya a hannunku. A ƙara toList domin a samu kwafi.

Wanda ya fi cizo a harkar kuɗi shi ne BigDecimal, nau'in lamba da ake lissafin kuɗi da shi. A Java, equals, mai kwatanta ƙima biyu, na ganin 2.0 da 2.00 daban ne, a Scala ɗaya ne. Raba 1 da 3 a Java yana jefa kuskure idan ba a faɗi yadda za a taƙaita ba, Scala kuwa shiru za ta yanke a lambobi 34.

Hibernate, mai haɗa kod da rumbun bayanai, ku ƙyale shi a Java tukuna, yana buƙatar abubuwa masu sauyawa, ba ya jituwa da case class, tsarin Scala na ajiye bayanan da ba a sauyawa. Fankshan mai kiran kansa kuma a rubuta shi yadda kiran kansa ne aikinsa na ƙarshe, a sa masa @tailrec don a tabbatar da hakan, in ba haka ba babban jeri zai iya jawo StackOverflowError, kuskuren cikewar wurin ajiye kiraye-kiraye.

ZIO da Cats Effect, manyan kayan aikin salon fankshinal na Scala, ku jinkirta su har ma'aikata su saba da Option da Either, wanda ke riƙe ko sakamako ko kuskure. A ware mutum biyu ko uku da suka iya harshen su riƙa duba duk kod kafin a haɗe shi.