Da wayata kaɗai, ajina zai iya aiki tare da wani aji na nesa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Katsina. Ina jin ana haɗa ɗalibai da takwarorinsu na wasu ƙasashe ta intanet, su yi aiki tare kan zaman lafiya da al'adu. Mu ba mu da ɗakin kwamfuta, wayata ce kawai, wuta kuma sai ta ga dama. Anya za mu iya? Ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. Za ku iya. Waɗanda suka fara wannan harka ma kayan aikinsu bai kai wayar da ke hannunki ba. A shekarar 1988, tun ana zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, aka haɗa makarantu 12 na jihar New York da 12 na birnin Mosko, yara suna aika wa juna rubutu ta kwamfuta. Daga nan ƙungiyar iEARN ta samo asali, kuma yau malamai daga ƙasashe sama da 100 suna aiki ta cikinta. Rubutu ne ya riƙe wannan aikin, rubutu kuwa ba ya cin data.

Shi ya sa nake roƙonki kada ki fara da kiran bidiyo. Ɗalibai sittin su yi cincirindo a kan waya ɗaya, murya na yankewa, a ɗaga wa juna hannu, a tashi ba a koyi komai ba. Ga kuma bambancin lokaci: ƙarfe goma na safe a Katsina, yaran New York ba su ma farka ba. Abin da ke aiki shi ne kowane aji ya yi nasa a lokacinsa, a takarda, ke kuma ki ɗauki hoton takardun ki tura sau ɗaya a mako.

Sai batun zaman lafiya, wanda nan ne malamai da yawa ke tuntuɓe. In kika ce wa yarinya ta rubuta insha'i a kan zaman lafiya, za ta kawo miki karin maganar nan ta zama ɗan sarki, ta ƙara layi biyar da ta haddace, shi ke nan. Ki ba ta tambayar da sai ta leƙa rayuwarta kafin ta amsa. Kidlink, ƙungiyar haɗa yaran duniya ta intanet wadda wani mai suna Odd de Presno ya kafa a Norway a 1990, tana fara kowane yaro da tambayoyi huɗu: wane ne ni, me nake so in zama in na girma, yaya nake so duniya ta gyaru, me zan iya yi yanzu don hakan ya tabbata. Ta huɗun ce ke sa aji ya yi tsit. Za ki iya ƙara taki: in yara biyu suka yi faɗa a gidanku, wa ke shiga tsakani, kuma me yake cewa? Wata za ta rubuta yadda kakarta ke zaunar da su a tabarma, ta sa ƙarama ta fara magana, ta hana babba katse ta, daga ƙarshe ta sa su ci tuwo a kwano ɗaya. Ranar da amsar ɗayan ajin ta iso, aka ga su ma kaka ce ke raba gardama, darasin ya shiga ba tare da kin yi wa'azi ba.

Akwai wani aikin iEARN da nake ƙauna ƙwarai: ajujuwa biyu su yi musayar 'yar tsana, kowace rana ɗalibi ɗaya ya tafi da baƙuwar gida, ya rubuta abin da ta gani kamar ita ce ke ba da labari. A ajinki baƙuwar za ta ga ana dakan fura, ta bi 'yan mata dandalin gaɗa, ta je Islamiyya da yamma. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba sai ki ga ta cika shafi biyu, domin baƙuwa take yi wa bayani.

Kuma ba dole sai Turai ko Amurka ba. Ni da zan zaɓa miki, da Maraɗi zan fara. Agogonku ɗaya, Hausa ta haɗa ku, amma su da Faransanci suke karatu, ku da Turanci. Ɗalibanki za su ji ana ce wa makaranta lakwal, malami kuma mushe, su tambayi dalili, daga nan sai tarihin iyakar da Ingila da Faransa suka shata ya zo da kansa. Aji a Jos ko Inugu ma zai yi, kuma ta fuskar rage zargin juna a cikin gida, wataƙila ya fi amfani. Ki samu malami guda da kika yarda da shi ta hanyar abokan aiki ko ƙungiyar malamai, ku yi magana ku biyu sosai kafin yara su shigo.

Kafin ki tura komai, ki nemi izinin shugabar makaranta da na iyaye a rubuce. Sunan farko kawai za a sa, ba lambar wayar ɗaliba, ba adireshin gida, kuma duk saƙo ta wayarki zai bi. Iyaye da yawa ba za su so hoton fuskar 'yarsu ya fita ba, kuma suna da gaskiya. Hoton zane, ko na hannu mai lalle riƙe da takarda, ya wadatar.

Ki sa wa aikin iyaka, mako takwas ya isa, ku amince tun farko da abin da za a fitar a ƙarshe, misali ɗan littafi mai shafi ashirin da kowane aji zai samu kwafinsa. Ki duba kalanda kuma. Ranar zaman lafiya ta duniya 21 ga Satumba ce, amma a lokacin makarantun Nijar ba su dawo hutu ba, sai Oktoba. Don haka ki yi amfani da zangon farko wajen shiri da abokin aikinki, ku buɗe aikin a Janairu, ku rufe kafin jarrabawar ƙarshen zango ta biyu.