Sabon takalmin birki yana ƙara: daga ina matsalar take?

Malam, ka ce ka sa sabbin takalman birki na kasuwa, ba na kamfanin motar ba, sai ƙara ta biyo baya. Fara da tantance irin ƙarar.

In siririya ce kamar fito, tana tashi in ka taka birki a hankali, rawa takalmin yake yi a mazauninsa. Masu araha sukan zo ba siririn ƙarfen nan na baya da ke shanye girgiza, ko bakanike ya jefar da na tsohon. A mayar da shi. A zare sandunan nan biyu da kalifa (ƙarfen da ke matse takalman a jikin faifan birki) ke zamewa a kansu, a goge, a shafa giris na silikon. Kada a sa giris na gama-gari, yana kumbura robar sandar har ta maƙale. Kuma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar takalmi ko faifai.

Sau da yawa ma ba a zaunar da takalmin ba ne, wato ba a goga fuskarsa da faifai har ta daidaita ba. Samu hanya marar cunkoso, ka kai gudun kilomita 60, ka rage zuwa 10 ba tare da tsayawa cak ba, sau takwas zuwa goma, sannan ka yi ta tafiya har ya huce.

"Ƙwas" yayin komawa baya kuwa, maƙallan gefe ne suka saki, ko takalmin bai cika gurbinsa ba.

Amma in gurza kake ji, ƙarfe kan ƙarfe, tsaya nan take a cire taya. Ko tsakuwa ce ta shiga bayan faifai, ko takalmin ya ɓare daga ƙarfensa.