Amsar Baffa: dalilin da ya sa muke tambayar sana'a kafin samu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce mai neman auren ƙanwarka yana da mota, yana da abin hannunsa, amma mu manya mun tsaya kai da fata sai mun san sana'arsa da inda yake yin ta. Kana tambaya ko ba kuɗin ne dai ake nema a wurin aiki ba. Gara da ka tambaya, don wata rana kai za a tura irin wannan bincike.

Kuɗi abin da ya shigo hannu kawai suke nunawa. Ba sa faɗin ƙofar da suka biyo, ba sa faɗin ko gobe za su dawo, ba sa faɗin yadda mai su zai kasance ranar da babu. Sana'a ce ke faɗin duk wannan. Dubi gaisuwarmu ma: ina aiki, a ce aiki da godiya. Wanda ka tarar a duƙe yana noma, sannu da aiki za ka ce masa tun kafin ka san ko gonar za ta yi albarka.

Ga yadda ake binciken. Mutum biyu ake turawa, ba a sanar da ranar zuwa, kuma wurin aikinsa ake nufa, ba majalisar abokansa ba, don aboki ba ya faɗin aibi. Maƙwabcin rumfa ake fara samu. Shi ya san ƙarfe nawa ake buɗe shago, ya san kwana nawa yake yi a rufe ba dalili. Daga nan sai ubangidansa: wa ya koya masa, shekara nawa ya yi a hannunsa, kuma yaye shi aka yi ko gudu ya yi? Wannan tambaya tana da nauyi ƙwarai. Yaron da ya zauna har ubangida ya sa masa albarka, ya ba shi keken ɗinki ko ɗan jari, ya riga ya nuna yana iya haƙuri da faɗa da gyara, kuma da wannan haƙurin ake riƙe mace. Wanda ya bar wuri uku cikin shekara biyu, kowanne da rigima, sai a yi hattara.

Sai amana. In tela ne, a tambayi yadda yake yi a goman ƙarshe na azumi: yana karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsa ya bar mutane ba kayan sallah, ko yana cewa ya cika? In ɗan kasuwa ne, a ji ko dillalai na ba shi kaya bashi ba tare da shaida ba, ko yana zubin adashi kan lokaci. Na ƙarshe, su wa ke ci a ƙarƙashinsa, yara nawa ya koya wa abin yi.

Wannan ma'auni daga gona muka gaje shi. A da, a gandu, wato babbar gonar gida, 'ya'ya maza suna yi wa gida aiki daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya wuce gayaunarsa, 'yar gonarsa ta kansa. Ba a biyan kowa ko sisi, amma mai gida shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari. Haka gayya. Mai gona ya raba goro, a sa rana, a dama fura ko kunu, a tuƙa tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, samari su jera kowa da kuyyarsa. A nan ake gane mutum, domin kiɗa na sa gaggawa, mai ha'inci sai ya riƙa binne ciyawa maimakon ya tuge ta, ko ya sare shuka don ya riga na kusa da shi fita. Ruwa ɗaya za a yi, bayan mako ciyawar ta tsiro a kuyyarsa kaɗai, kowa ya san ta wane ce. Wanda kuma aka yi wa gayya ya ƙi zuwa ta wani, baɗi zai raba goro ya zauna shi da fartanyarsa.

A da, a ƙasar Maraɗi da Katsina, wanda ya noma dami dubu ya yi bikin dubu, shi ake kira Sarkin Noma, kuma a wurin bikin rabar da dukiya yake yi. Ko ƙaramin manomi, in amfaninsa ya kai nisabi, dami ɗaya cikin goma na zakka ne. Saboda haka idan an ce wane manomi ne na gaske, har da abin da ya fita daga rumbunsa ake lissafawa. Maƙeri ma ba da cinikinsa ake auna shi ba, sai da abin da gari zai shiga in maƙerarsa ta mutu ana gab da damina, ba garma, ba fartanya, ba lauje.

Akwai inda al'adar ta karkace, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wasu gidaje suna hana mahauci ko wanzami aure don raina sana'ar, alhali ranar suna su ake fara nema, ɗaya ya feɗe rago, ɗaya ya yi wa jariri aski. Wannan girman kai ne, ba bincike ba ne, kuma a gidan nan ba ma yin sa.

Kada kuma ka ɗauka sai mai riƙe fartanya muke so. In aikinsa a kwamfuta yake yi, ko daga ɗakinsa, babu laifi, tambayoyin ba su canja ba: wa ya koya masa, su wa yake yi wa aiki, suna dawowa ko sau ɗaya suke zuwa, me zai tsaya in ya kwanta ciwo wata guda. Abin da ba ma karɓa shi ne amsar "ina ɗan buga-buga", wadda ba ta da wuri, ba ta da ubangida, ba ta da mai shaida.

Ka faɗa wa mai neman auren cikin mutunci ya ba mu sunan wanda ya koya masa aiki da inda yake zama. Ni da kawunku za mu tura mutane bayan Juma'a, kuma duk abin da suka jiyo za ka ji shi kafin mu ba iyayensa amsa. Ka gaida mahaifiyarka.