Dare ɗaya aka yi: ko na ɗauki ciwon harfis?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Manchesta, a Ingila, ya rubuto cewa ya sadu da wata mace sau ɗaya ba kororon roba, daga baya ta ce masa tana da harfis na al'aura, wato cutar jima'i mai fito da ƙuraje masu ruwa. Kwana biyar ke nan, bai ga komai ba. Wata mai zuwa zai je gida, iyalinsa kuma tana da juna biyu. Yana kuma tsoron kada zuwa asibiti ya taɓa takardun zamansa.

Malam, ana iya ɗauka a saduwa ɗaya, amma galibi ba a ɗauka. Ko ma'auratan da ɗayansu ke da cutar sukan shekara ɗayan bai kamu ba. Abin dubawa shi ne halin da matar take ciki a daren. In akwai ƙuraje masu ruwa ko gyambo a buɗe, haɗarin yana da yawa. In fata lafiya lau take, ya ragu sosai, sai dai bai kau ba, don ƙwayar takan fito ta fata a wasu ranaku ba tare da alama ba. In tana shan maganin danne cutar kullum, haɗarin ya kusa raguwa da rabi.

Alamu sukan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 12: ƙaiƙayi ko raɗaɗi, ƙananan ƙuraje masu fashewa, zafin fitsari, kaluluwa, wani lokaci zazzaɓi. Da ka ga ƙurji, je asibitin cututtukan jima'i a ranar ko washegari, tun bai bushe ba, a goga auduga a kansa a gwada. Wannan ne gwajin da ya fi inganci, zai kuma bambance nau'o'in ƙwayar guda biyu, HSV-1 da HSV-2. Gwajin jini yanzu ɓata lokaci ne. Jiki kan ɗauki har mako 12 kafin ya nuna. Maganin aciclovir yana rage zafi da tsawon ciwon, amma ba ya fitar da ƙwayar daga jiki. Kada ka shafa toka ko man zafi, kada kuma ka sayi maganin sanyi a kemis, ba ya taɓa wannan ƙwayar.

Batun takardu kuwa, kwantar da hankalinka. A Ingila gwaji da maganin cututtukan jima'i kyauta ne ga kowa, ko wace irin biza yake da ita, ba kuma sai likitan unguwa ya tura ka ba. In ka je, a haɗa da gwajin ƙanjamau, tunjere da sanyi. Lokacin fara maganin rigakafin ƙanjamau da ake sha bayan saduwa, wato awa 72, ya riga ya wuce, don haka gwajin ne ya rage.

Inda na fi damuwa shi ne gida. Mace mai ciki da ta kamu karon farko a watanni ukun ƙarshe tana iya sa wa jariri lokacin haihuwa, kuma ga jariri cutar tana iya kisa. Shi ya sa likitoci kan zaɓi tiyata. Shawarata ka dakata da kusantar iyalinka har ta sauka, ko da ba ka ga ƙurji ba. Kororon roba yana ragewa, amma ba ya rufe dukkan fatar. In gwaji ya tabbatar, dole ita da likitan da ke mata awo su sani kafin ranar haihuwa.