Fam 12.21 a awa: amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya

Wa alaikumus salam, barka da isowa. Ka ce an yi maka tayin aikin kula da tsofaffi a gidajensu kan fam 12.21 a awa, ka ninka da awa 12 da kwana 30, har ka fara yi wa mutanen gida alkawari. Dakata tukuna, ɗan'uwa. Shekarata huɗu ina wannan aikin a Ingila, kuma irin lissafin da ni ma na yi ke nan, sai da takardar albashina ta farko ta fito jikina ya yi sanyi.

Wannan fam 12.21 ba alfarma aka yi maka ba. Shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya mai shekara 21 zuwa sama daga watan Afrilun 2025 zuwa ƙarshen Maris na 2026. Kafin nan fam 11.44 ne. Duk Afrilu ake sake shi, sai ka duba na bana.

A gida mun san aikin yini, mun san jinga. Lebura in ya wuni a wurin gini, ko siminti ya ƙare da azahar, kuɗin yininsa na nan. A nan kuwa an yayyanka yinin ne gunduwa-gunduwa, wadda aka rubuta kawai ake biya. Kamfanin da na fara yi wa aiki, nakan fita ƙarfe shida na safe in dawo bayan isha'i, amma a takarda awa bakwai ko takwas. Rabin awa a gidan wannan tsohuwa, minti 45 a gidan wancan dattijo, tsakani kuwa ina tashar bas cikin sanyi. Ga ramin tsakar rana, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, ba ka aiki ba ka kuma gida. Daga baya na gane cewa a doka, tafiya daga gidan wanda kake kula da shi zuwa na gaba lokacin aiki ne, dole a haɗa da shi wajen auna ko an biya ka mafi ƙarancin albashin. Daga gidanka zuwa gida na farko ne ba a ƙirgawa. Na fara rubuta lokutana a ɗan littafi, na kai musu, aka yi ta ja-in-ja, suka biya wani abu, na bar su.

Saboda haka ka tambayi waɗanda suka yi maka tayin awa nawa suka lamunce maka a mako, a rubuce. Akwai kwantiragin da ba a lamunce maka ko awa ɗaya ba: wannan makon 50, mako mai zuwa 15, mai gidan haya kuwa ba ruwansa. Ka tambaya kuma ko ana biyan lokacin hutu, don doka ta ba ka minti 20 in aikin ya wuce awa shida, amma ba ta tilasta a biya ka shi ba. Ƙarin kuɗin dare ko na Lahadi ma ba dole ba ne, sai in kwantiragi ya faɗa.

Ga lissafin da ya fi kusa da gaskiya. Awa 37 da rabi a mako, kusan fam 1,980 ne a wata. Fam 12,570 na farko a shekara ba haraji, abin da ya hau kai a cire kashi 20 cikin ɗari, inshorar ƙasa, wani kuɗin da gwamnati ke cirewa daga albashi, kuma kashi 8. Abin da zai rage kusan fam 1,720 ne, kafin a ɗebi na fansho. Daga ciki za ka biya ɗaki, bas da abinci.

In kuma bizar karatu gare ka, awa 20 ce iyakarka a mako lokacin da makaranta ke buɗe (awa 10 in karatun bai kai matakin digiri ba), kada wani manaja ya ruɗe ka ka wuce. Turo mini hoton kwantiragin ta saƙo, ka rufe sunanka, in duba maka shafin awoyin kafin ka sa hannu.