Me ya sa ake adana takardun gidajen caca da na ramukan azurfa a Nevada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tarihi ne a Zariya. Na ji cewa a jihar Nevada ta Amurka har jami'o'i ke kashe kuɗi suna tara takardun gidajen caca da na tsofaffin ramukan haƙar azurfa. Abin ya ɗaure mini kai. Caca haramun ce, ta kuma kashe gidaje da yawa. Mene ne amfanin adana tarihinta? Kuma wane tarihi ne ma za a samu a cikin hamada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ga laifinka ba, domin ni ma ba na son caca ko kusa. Amma a aikinmu na adana takardu, abin da ake ajiyewa hujja ce. Alƙali ma yana ajiye wuƙar da aka yi kisa da ita. Idan aka ƙone takardun gidajen caca, abin da zai rage shi ne tallan da suka yi wa kansu, na fitilu da mawaƙa da mutumin da ya shigo da dala ɗaya ya fita da jaka.

Bari mu fara da azurfa, don ita ce ta haifi jihar. A 1859 aka gano jijiyar azurfar da ake kira Comstock, garin Virginia City ya tashi a kanta kamar an yi ruwan mutane, kuma a ranar 31 ga Oktoba 1864 Nevada ta zama jiha. Saboda gaggawar zaɓen da ke gaban Shugaba Lincoln, ta tangaraho aka aika tsarin mulkin jihar zuwa Washington, kalmomi fiye da 16,000. Daga baya aka samu azurfa a Tonopah a 1900, zinariya a Goldfield a 1902. Irin waɗannan garuruwa ba sa daɗewa. Jijiya na ƙarewa kowa zai ɗaure kayansa. Rhyolite da ya taɓa samun bankuna da tashar jirgin ƙasa yau kufai ne, sai bangaye a tsaye cikin rana.

To a nan ne matsalar take. Garin da jama'arsa suka watse ba shi da dattawan da za su riƙe labarinsa, ba maroƙa, ba masu kirari. Takarda ce kaɗai ta rage, ita ma tana cikin haɗari. Bushewar hamada tana kare takarda daga fumfuna, amma zafi yana busar da ita har ta riƙa karyewa a hannu, kuma garuruwan na katako ne. Gobarar Oktoban 1875 ta cinye mafi yawan Virginia City, ta 1923 ta lashe babban ɓangare na Goldfield. Shi ya sa nake ganin girman wata malamar tarihi, Jeanne Wier, wadda ta ja ragamar Ƙungiyar Tarihin Nevada da aka kafa a 1904. Ta riƙa bin sansanonin haƙa tana karɓar jaridu da littattafan lissafi tun masu su na raye.

Ka buɗe littafin biyan albashi na kamfanin haƙa guda ɗaya ka gani. Layi-layi ne da tawada: suna, aiki, kwanakin da aka yi, abin da aka biya. Mai shiga rami a Comstock yana karɓar dala 4 a rana, kuɗi mai tsoka a lokacin, kuma ƙungiyar ma'aikata ce ta tsaya kai da fata a kan wannan farashi. Sunayen za su nuna maka 'yan Ailan da 'yan Cornwall na Ingila. Wani lokaci suna yakan ɓace daga wata zuwa wata, sai ka koma jaridar makon ka ga ko tafiya ya yi ko rami ne ya ci shi, kamar gobarar ramin Yellow Jacket ta Afrilun 1869 da ta kashe mutum fiye da 30. A Jami'ar Nevada da ke Reno akwai kundin Alfred Doten, ɗan jarida a Gold Hill, wanda ya riƙa rubuta abin da ya gani kusan kullum daga 1849 har rasuwarsa a 1903, littafi 79. Ga kuma wani amfani da ya shafi lafiyar mutanen yau: da zaiba aka riƙa tace azurfa, ta malale cikin kogin Carson, har gwamnatin tarayya ta sa yankin cikin wuraren da dole a tsabtace a 1990. Wanda ke son sanin inda gubar ta taru sai ya san inda injinan niƙa suka tsaya, tsofaffin taswirori ne kuma ke nuna hakan. Duk wanda ya tuna yaran da dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san wannan ba maganar masana kaɗai ba ce.

Yanzu ga cacar. Nevada ta haramta ta a 1910, ta sake halatta ta a Maris 1931, lokacin da ma'adinai suka ja baya, tattalin arziki ya durƙushe. A 1955 aka kafa hukumar sa ido kan caca, a 1959 aka ƙara hukumar ba da lasisi, a 1960 aka fitar da abin da ake kira Baƙin Littafi, mai sunayen mutum 11 da aka hana su taka kowane gidan caca, ciki har da Sam Giancana, uban 'yan mafiya na Chicago. A 1963 mawaƙi Frank Sinatra ya rabu da lasisinsa saboda ya saukar da Giancana a otal ɗinsa na Cal-Neva. Da takardun hukuma ake sanin wa ya mallaki me a ɓoye, wa ya kawar da kai. Sashen adana takardu na Jami'ar Nevada da ke Las Vegas yana da cibiyar binciken caca, a can ne kuma takardun hulɗa da jama'a na otal ɗin Sands suke. Otal ɗin kansa an rushe shi da nakiya a 1996, kamar yadda aka yi wa otal ɗin Dunes a 1993. Las Vegas gari ne mai rushe jiyansa da hannunsa don ya samu filin gini.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. A shekarun 1940 da 1950, mawaƙa baƙar fata irin su Sammy Davis Jr. suna cika ɗakunan manyan otal na Las Vegas da 'yan kallo, amma idan an tashi sai su tafi unguwar Westside su kwana a gidajen haya, don ba a yarda baƙar fata ya sauka a otal ɗin ba. Moulin Rouge, gidan farko da ya haɗa baƙar fata da farar fata, an buɗe shi a Mayun 1955, bai kai shekara ba ya rufe. Sai a Maris 1960, bayan Dokta James McMillan, likitan haƙori kuma shugaban reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ya yi barazanar fito da zanga-zanga, aka zauna aka amince a daina wariyar. Hotunan tallan otal ba za su gaya maka wannan ba. Matan da suka zo daga Arkansas da Louisiana suna gyaran gadaje ba su bar fayil ba. Don haka jami'ar ta kafa cibiyar tarihin baka a 2003 ƙarƙashin Claytee White, aka bi tsofaffin nan gida-gida da na'urar ɗaukar murya. Takardu da hotunan ƙungiyar ma'aikatan otal da ɗakin girki, wadda aka kafa a 1935, su ma suna can, har da na yajin aikin otal ɗin Frontier da ya ɗauki fiye da shekara 6, daga 1991 zuwa 1998.

Har yanzu ma'aunin bai daidaita ba. Paiute da Shoshone da Washoe, masu ƙasar tun asali, galibi ta alƙalamin wasu suke bayyana: jami'in gwamnati, soja, mai kamfani. A yankin Shoshone ta Yamma ne aka yi gwajin makaman nukiliya 928 daga 1951 zuwa 1992. Idan ka ɗauki kowace takarda, ka tambayi wa ya rubuta ta, don wa, kuma wa aka bari a bakin ƙofa.

In kana son gani da idonka, jami'o'in biyu sun sa dubban hotuna da taswirori da hirarraki a intanet kyauta. Shawarata ka fara da hirarrakin mutanen Westside, sannan ka buɗe hotunan Sands na shekarun nan, ka duba su waye ke zaune a teburi, su waye ke riƙe da faranti.